Motar da Na Zaɓa wa Abu Rim

Hindawiyya, Makka
Farkon Rajab

Zuwa ga taubashina Usaini, a Ƙofar Ruwa, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da kunnen nan naka da ya hana mu yin waya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da take taɓa ni in zan hau bene. Kabira tana gaishe ka, ta ce yajin da ka aiko ya iso.

Usaini, albishirinka! Kada ka ce goro, na riga na sa maka dabino a cikin ledar da wasiƙar nan take. Na yi jika! Ɗiyata ta fari, wadda bakina bai taɓa kiran sunanta ba amma biro zai rubuta maka, Wafa, ta sauka lafiya. Mace aka samu, an yi suna, sunanta Rim. Na ce wa Kabira na yi sabuwar amarya. Ta ce ai amaryar da ba ta da haƙori ta dace da angon da nasa suka zube. Rabona da farin ciki irin wannan tun ranar da na fara rubuta sunana a makarantar dare ta Misfala, da furfura a gemuna. In na ɗauke ta sai ta damƙe mini yatsa, ni kuma sai in rasa abin yi, in yi ta dariya ni kaɗai.

Mai jego tana gidanmu, wanka ta zo kamar yadda ake yi a gida. Dangin mijin sun ce su wannan al'ada ta bar su tun zamanin kakanninsu, amma Kabira ta kafe, suka haƙura. Har ganyen darbejiya ta samo. Sai an yi arba'in za su koma, gidan nasu kuwa bayan layinmu ne, ko da gwiwar nan ina zuwa. Ka san tun da kafilina, mai tsaya mini a ƙasar nan, ya rasu, iƙamata, takardar zamana, ta mutu, na ajiye tasi, ni da Kabira ba mu ƙara wuce shingen bincike na bakin gari ba. Ita yarinyar aure ya ba ta takarda. Da can abin yana damuna. Yanzu me zan je nema a waje?

Abin da ya sa na zauna rubutu bayan albishir shi ne mijinta, Mish'al. In ka tuna, jikan Hausawa ne amma ɗan ƙasa, Hausarsa rabi Larabci. A ofis yake, a wani kamfani mai kula da motocin alhazai. Yaron kirki ne. Sai dai ka san tsakanin mutum da surukinsa. In ya shigo ba ya haɗa ido da ni, ni ma ba na kiran sunansa. Yanzu Allah ya kawo sauƙi, Abu Rim nake ce masa. Abu ɗaya muke iya hira a kai ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba, shi ne mota.

Ranar suna, bayan an watse, ya zauna a gefen tabarmata ya yi ta magana ƙasa-ƙasa. Ya ce a wurin aikinsu ana haikala, wato sake fasali. Ya ce an yi mitin an duba kefi'ai ɗinsa, wai wani ma'auni ne da ake auna mutum da shi, an ga ya dace da tamkin, wai ƙarfafawa. Ya ce kamfani ya yi sabon hange, ana son a daidaita shi da hangen. Na ce to madalla. Ya ce akwai ƙalubale a ciki, amma a wurinsu ƙalubale dama ce. Na ce Allah ya sa albarka. Wallahi, Usaini, na tsufa a cikin Larabcin garin nan, na yi ciniki da shi, na yi faɗa da shi a titi, amma ban tsinci kalma guda da zan riƙe ba. Duk 'yan ofis haka suka koma. Ka ce wa mutum ya aiki, sai ya ce yana kan bibiya. Bibiyar wa?

Da zai tashi sai ya kira ni yadda ake kiran suruki a nan, ya ce, "Ammi, wace mota ce take jure doguwar hanya?" Nan fa na samu bakin magana, na yi masa Toyota har aka kira la'asar.

Kai ka yi aikin kamfani. Don Allah ka gaya mini abin da yaron nan yake faɗa. Ni ba zan iya tambayarsa ba, ita kuma ba zan tsare ta da tambayar mijinta ba.

Naka,
Mukhtaru

Ƙofar Ruwa, Kano
Tsakiyar Rajab

Zuwa ga Mukhtaru, sabon ango.

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, kunne yana nan yadda ka san shi, abin da nake so kawai yake ji. Barka, barka! Allah ya raya Rim, ya sa kada ta ɗauko hancinka. Dabino ya iso, amma mai umarar da ka ba shi saƙon ya ɗanɗana hanya da shi. Rubutunka ya gyaru, malamin dare bai ci kuɗinka a banza ba.

Maganar surukinka kuwa, na karanta har na sake karantawa. Wannan yaren na san shi. Shekarar da za a rufe masaƙarmu ni nake tuƙa manaja, ina jin su a kujerar baya. Za a sake fasali, za a rage nauyi, za a ba ma'aikata dama su gwada ƙwazonsu a waje. Ba wanda ya taɓa cewa kora. Ranar da aka tara mu har lemo aka raba mana, aka tafa mana, muka fito muna murna. Sai washegari muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Duk inda ka ji an ce wa mutum ƙalubale dama ce, to kujerarsa ake so.

Korarsa aka yi, Mukhtaru, ko ana shirin yi. Ga haihuwa, ga kora, yaya zai dubi idonka ya faɗa? Shi ya sa ya tambaye ka motar doguwar hanya. Ɗaukar fasinja zai fara, Makka zuwa Madina, irin wanda ka yi. Shawarata ita ce kada ka tambaye shi komai, kada ka tona masa asiri. Ka rufa masa baya ya sayi mota ta gari, ka nuna masa ba ka ga komai ba.

Amma kada ka cuce shi da Toyotarka. Kai tun muna samari ba ka san mota ba, ka san abin da jama'a suke saye ne kawai. Toyota motar wanda ba ya son sanin sunan makanike ce, ba hira, ba zumunci. Mota ita ce Fijo. Tawa ta kai ni Maiduguri da buhunan gero a but, ta dawo tana neman ƙari. In babu Fijo a ƙasarku, to ya nemi tsohuwar Marsandi. Hundai ɗin da yake hawa motar zuwa ofis ce da farar riga. Waɗannan sababbin na Sin masu talabijin a gaba kuwa, ban ce komai ba, don ban taɓa ganin wadda ta tsufa ba balle in yi mata shaida.

Ka gaishe da Kabira da mai jego. Ka sumbaci amarya a goshi.

Taubashinka kuma ubangidanka,
Usaini

Hindawiyya, Makka
Ƙarshen Rajab

Zuwa ga Usaini.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, Rim ta fara kumatu, mai jego ta gaji da kunun kanwa tana roƙon a ba ta shawarma.

Wasiƙarka ta iso, kuma ta buɗe mini ido. Da na bi maganganunsa ɗaya bayan ɗaya sai na ga haka ne. Kwanakin nan ma da wuri yake dawowa, na tambaye shi ko lafiya, ya ce yana taslim, wato miƙa aikinsa ga wani. Me ya rage kuma?

Zan gaya maka abin da ban gaya wa Kabira ba. Na yi masa jaje a zuciyata, amma a ƙarƙashin jajen akwai murna. Direban Madina komai nisan da ya yi Makka yake dawowa. Ba mitin, ba hange, ba mai daidaita shi da komai. Yarinyar nan za ta yi rarrafe a kan tabarmata. Allah ya yafe mini.

Na bi shawararka, ban tambaye shi komai a kan korar ba. Ni da kaina na ce masa, "Abu Rim, in ka shirya mu je ma'arid." Wato filin da ake sayar da motoci. Ya ɗago ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba. Muka tafi da abokinsa Abdulilah, wani mai surutu da ba ya ganin kowace mota sai Jims ta Amurka. Ya ce namiji ba ya hawa motar da zai sunkuya kafin ya shiga. Na ce to namijin nan gidan mai zai tare? Shi kuma Abu Rim idonsa yana kan wata ta Sin, sabuwa dal, kana yi mata magana tana amsawa. Mai sayarwa ya ce ita ba mota ba ce, tajriba ce, wai abin da mutum zai ji a ransa. Ka ga har 'yan ma'arid yaren ya kama su. Na ce masa ni mota muka zo saye.

Fijo kuwa, na duba maka har bayan katanga, ko gawarta babu. Ka yi haƙuri, zamaninku ya wuce kai da ita.

Na zaga, na zaga, sai ga wata Kamri fara, ta hannu ce amma an riƙe ta da mutunci. Na shimfiɗa kwali na kwanta a ƙarƙashinta da gwiwar nan tawa. Na shinshina mai, na saurari inji da murfi a buɗe, na sa aka kunna na'urar sanyi muka zauna har na fara atishawa. Na ce a canja tayoyi duka, don zafin kwalta ba ya wasa. Na ce masa, "Wannan ko bangon duniya za ka da ita za ta kai ka." Sai ya sunkuyo ya sumbaci kaina a gaban mutane, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ammi, wallahi ban zaci za ka sauƙaƙa mini haka ba." Na ce, "Hanya ba abin kunya ba ce, da ita na ci da iyalina. Ka kama abin da Allah ya ba ka, kada ka waiwaya."

Ka ga yadda na rufa masa asiri. Yanzu motar tana ƙofar gida, kullum da safe nakan goge mata gilashi. Arba'in ta matso, Kabira ta fara haɗa kayan da za a mayar da su.

Na gode, taubashi. Wannan karon kanka ya yi aiki.

Mukhtaru

Ƙofar Ruwa, Kano
Ƙarshen Rajab

Mukhtaru,

Salam. Muna lafiya. Taka ba ta iso ba tukuna, amma ba zan jira ba. Dauda, ɗana na banki, ya zo gaishe ni, na ba shi wasiƙarka ta farko don mu yi dariyar yaren ofis. Bai yi dariya ba. Ya ce wanda za a kora ba a ce masa tamkin. Ya ce a wurinsu in aka yi wa mutum irin wannan magana, girma za a ƙara masa a tura shi wani reshe, kuma yawanci nesa, inda wasu suka ƙi zuwa. Ya ce akan ba mutum lokaci ya amsa ko ya ƙi.

Ni masaƙa na sani, ita ma ta mutu tuntuni. Wataƙila na yi maka fassarar da ba ita ba. Ka ajiye kunya ka tambaye shi da Hausa: ina za ka? In ba za ka iya ba, ka sa Kabira ta tambayi 'yarta yau ɗin nan. Kada a sayi mota sai an ji amsa.

Zan ba wani maƙwabcina da zai tashi umara jibi wasiƙar nan.

Usaini

Hindawiyya, Makka
Cikin azumi

Zuwa ga Usaini.

Assalamu alaikum. Ya ibada? Ina fatan kuna shan ruwa lafiya. Mu jikinmu lafiya.

Wasiƙarka ta ƙarshen Rajab jiya ta shigo hannuna. Maƙwabcin naka bizarsa ce ta makale, sai da azumi ya samu tasowa. Ya ba ni haƙuri, na ce ba komai. Dauda ya yi gaskiya. Ka ce masa Allah ya yi masa albarka.

Tabuka aka tura shi, can arewa, kusa da iyakar ƙasa. Shi ne shugaban sabon reshe.

Ga yadda na ji. Ana gobe arba'in na fito na tarar yana ɗaura wa motar kariya, ƙarfen ɗora kaya, a sama. Na ce, "Abu Rim, fasinjan Madina ba su da kayan da zai kai sama." Ya ce, "Wane fasinja, Ammi?" Muka tsaya muna kallon juna, shi da sifana a hannu, ni da tsumman goge gilashi. Ya ce, "Ai na gaya maka tun ranar suna." Na ce, "Me ka gaya mini?" Ya fara, haikala, tamkin, sai na ɗaga masa hannu. Na ce, "Yaro, sunan gari nake so." Ya faɗa, kansa a ƙasa.

Na hau bene ban san na hau ba. Mai jego ta biyo ni ɗaki, ta durƙusa a bakin ƙofa. Tun da aka haife ta ba mu taɓa doguwar magana ba, sai ranar. Ta ce, "Baba, an ba shi zaɓi har ƙarshen Rajab, ya tafi ko ya zauna a kujerarsa. Ya san ba za ku iya zuwa ba, kai da Umma, shi ya sa bakinsa ya kasa faɗa maka kai tsaye. Ya ce in ya ga ranka bai so ba zai ƙi. Ya hana ni gaya wa Umma, wai maganar maza ce, ya riga ya yi da kai." Na ce, "To?" Ta ce, "Sai ka ce masa ku je ma'arid. Ka kwanta a ƙasa ka zaɓa masa mota, ka ce kada ya waiwaya. Washegari ya sa hannu. Ya dawo yana cewa bai taɓa ganin dattijo irinka ba."

Na ce ko za a iya warwarewa. Ta ce an riga an ba wani kujerarsa, gidan hayarsu ma an mayar wa mai shi. Ta ce, "In ka ce in zauna, zan zauna." Usaini, da wane baki zan raba mace da mijinta don ina son wasa da jika? Na ce ta tashi ta haɗa kaya. Kabira ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Maza biyu, da gemu, kun zauna kuna ta hirar taya."

Ya yi ƙoƙari, ba zan zalunce shi ba. Ya ce zai bi maganar takardunmu, akwai wani da ya sani. Na tambaye shi yaushe. Ya ce abin yana ƙarƙashin nazari. Ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya sunkuyar da kai. Ya ce za su riƙa zuwa. Amma da azumi da lokacin aikin hajji ba a ba su hutu, ka san aikin motocin alhazai, reshe kuma sabo ne.

Tsakiyar Sha'aban suka tashi, da hantsi. Kabira ta ce ba za ta iya rakiya ba, a bene ta yi sallama. Ni na shiga baya, aka ɗora mini Rim a cinya. Motar nan, Usaini, ko girgiza babu. Na yi ta kasa kunne ko zan ji wani ƙara a inji, wani abu da zai sa in ce a juya a kai ta gareji, ko kwana ɗaya a ƙara. Ban ji komai ba. Da hannuna na zaɓe ta.

A Tan'im na ce ya tsaya, wajen masallaci, don gaba kaɗan shingen bincike ne. Na miƙa yarinyar ga uwarta, barci take, ba ta ma farka ba. Na yi niyyar in yi musu addu'a mai tsawo, na shirya ta tun a gida. Da na sunkuya ta taga, abin da ya fito daga bakina shi ne, "In kun isa Madina ka duba iskar taya." Ya ce, "To, Ammi." Suka hau titi. Farar Kamri ta yi yawa a hanyar nan, nan da nan na kasa gane wacce ce tasu. Na tsaya tare da masu harama har rana ta yi zafi, sannan na tari tasi na koma.

Kada ka ɗora wa kanka laifi. Ka faɗi abin da ka sani, ni kuma na karɓa da sauri don shi nake son ji.

Suna kira ta waya mai hoto bayan shan ruwa. Ana kara mata wayar a fuska, ina ta kiran amarya, amarya, ita kuwa fanka take kallo. Kai da ka yi jikoki da yawa, ina da tambaya, kuma ka ba ni amsa da Hausa. Jariri yana wata nawa yake manta fuskar mutum? Na tambayi Kabira, ta ce in daina wahalar da kaina, yarinyar ba ta kai ga gane tawa ba aka tafi da ita.

A gaishe da Dauda da sauran iyali. A sa mu a addu'a in an kai goshi ƙasa.

Naka,
Mukhtaru